Ina Ganin Shi Ne

Zuwa ga 'yata, Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen da kike zaune a cikinsu, waɗanda ban san su ba, ba a kuma taɓa kawo mini su na sani ba. Idan kina tambayar lafiyata, ko da yake ban ji an ce kin tambaya ba, ina nan da raina.

Tela ne ke rubuta mini wannan a shagonsa. Na gaya masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata ado kamar wuyan riga. Wayar da kika aiko tana nan a akwati cikin kwalinta. Ni mutum na haifa, ban haifi waya ba.

Ba don kaina na neme ki ba. An kama ƙanenki Auta, kuma an kwana biyu yana tsare.

Kin san tun da lauyoyi suka raba ni da shagona na kafinta nake gadin ƙofa da rana a ma'ajiyar katako, shi kuma yake jan babbar motar wurin. To ranar da abin ya faru mun sami saɓani da safe a ɗakin gadi, a kan wata magana da ba ta shafe ki ba. Ya rataye makullin mota a ƙusar da ya saba, ya fita fuu, ko shayinsa bai shanye ba. Da rana ta take, ma'aikata duk sun tafi cin abinci, sai na ji motar ta taso shaƙe da katako, aka danna mini hon. Na tashi na buɗe, ta wuce. Har yau ba mota ba katako.

Abin da ya ƙona mini rai a lokacin, kin san halinsa, kullum in zai fita sai ya leƙo ta taga ya ce, "Tsoho, a buɗe wa manya hanya." Ran nan ko tari bai yi mini ba. Na koma kujera ina ta cin rai, ina cewa yau ni yaron nan zai wuce kamar ya wuce turke.

Da la'asar mai ma'ajiya ya zo da 'yan sanda. Ɗaya daga cikinsu, wani mai magana ta hanci, ya tambaye ni wa ya fita da mota. Na ce masa, "Ina ganin yaron nan nawa ne, ai shi ke jan ta." Ya rubuta da harshensu na ofis, ya kama yatsana ya dangwala. Ana cikin haka Auta ya dawo da ƙafa, suka yi ram da shi a gabana. Ya ce shi yana ƙarƙashin gada tun safe yana huce fushi, ba wanda ya gan shi, shi ma bai kula kowa ba. Alƙali ya hana beli. An ce dalili, wai har ubansa ya ba da shaida a kansa.

Ni! Ni da na goya shi a bayana da uwarku ta kwanta ciwo.

Na san na ce aikin da kika je koyo sa-ido ne da albashi, kuma ban janye ba. Marigayiya uwarku ta so ki yi aikin jinya, kika zaɓi ki riƙa bi wa lauyoyi sawun mutane, su ɗin nan da suka tsaya da baƙaƙen riguna suka mai da ni mai buɗe wa yara ƙofa. Amma tunda kin ƙi ji, to ga ranar aikin naki ta zo. Ki gaya wa manyanki su buɗe mini ɗana. Yaron nan ko guntun katako na hura wuta bai taɓa ɗauka ba sai ya tambaya. Kuma kin san ƙirjinsa tun yana ƙarami, an ce a kan siminti suke kwana.

Ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda amsarki. Na ce masa kada ya taso sai da ita.

Wassalam.
Ni ne ubanki, ko kin so ko kin ƙi.

*

Zuwa ga mahaifina,

Wa alaikumus salam. Baba, ina gaishe ka gaisuwar ladabi, ina kuma gaida Baba Tela da ya ɗauki wahalar rubutu. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin tasha, na sake karantawa a zaune.

Bari in gaya maka gaskiya tun da wuri, don kada ka sa rai inda ba shi ne ba. Ba mu da makullin gidan yari. Ni har yanzu koyo nake, ko hannu ba a yarda in sa a kan rahoto ba. Aikinmu shi ne mu je inda abu ya faru, mu ji daga bakin waɗanda ke wurin, mu auna, mu ɗauki hoto, mu kawo wa lauya abin da zai iya tsayawa a kai gaban alƙali. Na kai maganar ga Malama, wadda ke koya mana aikin. Ta saurara har ƙarshe, ta shiga ta fito, ta ce ɗaya daga cikin lauyoyin ofis zai tsaya wa Auta. Ta ce da yake ɗan'uwana ne ita za ta riƙe binciken, ni in bi ta da jaka da ma'auni, in kuma riƙe hawayena a gida.

Darasin farko da ta koya mana shi ne, duk maganar mai shaida a raba ta uku: abin da ya gani, abin da ya ji, da abin da yake zato. Ta ce mutane suna zuba su a kwano ɗaya ba da mugun nufi ba, aikinmu ne mu tsince. Saboda haka, Baba, ka yi haƙuri da tambayoyin nan, ka amsa kowace ita kaɗai.

Da ka buɗe ƙofa, ta wane ɓangare ka tsaya, na direba ko ɗaya gefen? Gilashin tagar a sauke yake ko a ɗage? Wace irin riga direban ke sanye da ita? Tsakanin fitar Auta da tasowar mota, su wa suka shiga ɗakin gadi? Sannan a kan me kuka yi saɓani? Ka ce bai shafe ni ba, amma yanzu komai na ranar nan ya shafe ni.

Abu ɗaya nake roƙonka don Allah. Kada ka koma wurin 'yan sanda, kada ka ƙara musu ko kalma ɗaya, sai mun zo da lauya. Na aika wa Auta bargo da maganin ƙirjinsa ta hannun lauyan.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri.
'Yarka.

*

Zuwa ga Sarkin Tambaya,

Salamu alaikum. Na gaishe ki. Ki gaida Malamar taki, tunda ita ce yanzu uwa ita ce uba.

Tela ya karanta mini takardarki, na ce ya sake, don na ɗauka kuskure ya yi ya ɗauko ta ofishin 'yan sanda. Ashe abin da ake koya muku ke nan, ki tsare ubanki da tambaya kamar an kama shi da akuyar mutane? Tun kina yarinya kin ishe ni, don me sama ba ta faɗowa, don me katako ke kuka in an yanka shi. Ban san zan rayu in ga an ba ki jaka a kan haka ba.

Amma tunda don Auta ne, ga amsa.

Ɓangaren direba na tsaya, nan sakatar take, nan nake tsayawa kullum. Gilashi a sauke yake, don na ji rediyo na tashi daga ciki. Wannan ma ya ƙara mini haushi, don Auta ya san ba na son kiɗa a kaina, yakan rage in ya zo ƙofa. Riga kuwa, wace riga ce in ba wadda ya saba sawa ba? Yaron riguna nawa gare shi?

Masu shiga ɗakin gadi ba sa ƙirguwa, nan tulun ruwa yake. Mai lodi mai ɗingishi ya shigo, na san jan ƙafarsa. Mai kawo mana burodi ta shigo ta tsaya surutu. Akawu ya leƙo yana neman biro, kamar ni ne zan ajiye biro. Sai wani da ya shigo ba sallama, yana warin taba, ya sha ruwa, ya ɗan jima, ya fita. Kada ki tambaye ni kamanninsa. Wanda bai yi mini sallama ba bai isa in ɗaga kai in dube shi ba.

Maganar saɓani, na ce bai shafe ki ba. Tsakanin uba da ɗansa ne.

Yanzu ga abin da Tela ya ce lalle in gaya miki, ni da na so in bari. Kafin takardarki ta iso na riga na je wurin 'yan sanda. Ki ce in zauna? Ke kin taɓa kwanciya kina jin ɗakin da yaro ke kwana shiru, takalmansa a bakin ƙofa kina tuntuɓe da su? Na je na sami mai maganar hancin nan, na ce masa abin da na faɗa ran nan ƙarya ne, ya yage takardar. Ya ce in sake faɗa. Na sake, da ƙarfi, don duk ofishin su ji. Na ji alƙalami na tafiya, aka sake kama yatsana. Na ce to tunda na yi ƙarya ni ne mai laifi, su rufe ni su saki yaro, ni na riga na ci zamanina, siminti ba zai rage ni da komai ba. Suka yi dariya. Wani ya ce, "Baba, nan ba kasuwa ba ce da za a yi musaya." Ya kama hannuna har bakin titi kamar wani maras lafiya, na fizge.

To na warware abin da na ƙulla. Yaushe za su sake shi? Ki tambayi lauyan, ki gaya mini rana, in sa a share ɗakin.

Mai ma'ajiya bai ce mini komai ba tukuna, amma ya daina amsa gaisuwata da baki. Akawu ya ce da kai yake amsawa. Ni ban ga amfanin gaisuwar kai ba.

Wassalam.
Ubanki.

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka, ina fatan ka tashi lafiya.

Ban san yadda zan tausasa wannan ba, don haka zan faɗe shi yadda yake. Zuwan da ka yi bai warware komai ba, ya ƙara ƙullewa. Yanzu mai gabatar da ƙara yana da takarda biyu da yatsanka. Zai ce ta farko ita ce gaskiya, wadda ta fito kafin ka yi tunani, ta biyu kuwa tausayin uba ne. Lauya ya sake neman beli da ita, alƙali ya ƙi.

Kuma Baba, ba ka yi ƙarya ba. Lauya ya samo mana takardar farko, Malama ta sa na mayar da ita Hausa kalma bayan kalma, na ajiye ta kusa da wasiƙarka. Kai ka ce, "Ina ganin yaron nan nawa ne." Shi ya rubuta, "Na ga ɗana yana tuƙa motar." Duk mai jin Hausa ya san in mutum ya ce yana ganin za a yi ruwa, ba ruwan ya gani ba. Zato ka yi, aka rubuta maka gani. Da na nuna wa Malama na yi murna, na ɗauka an gama.

Ta bar ni na gama murnata, sannan ta ce in zama mai gabatar da ƙara in tambayi kaina. Mutum yana tsaye ɓangaren direba, gilashi a sauke, rana tsaka, tsakaninsa da mai tuƙi bai fi a miƙa hannu ba, kuma ɗan cikinsa ake magana. Me zai sa ya yi zato? Ko ya gan shi, ko ya ga ba shi ba ne. Ta ce muddin ba mu da amsar wannan, alƙali zai ce "ina gani" ɗinka kara ce kawai irin ta uba da ba ya son ya ambaci ɗansa kai tsaye.

Na je na ga Auta. Ba zan ɓoye maka ba, ya rame, tarin ya sauka ƙirji, yana magana yana hutawa. Bai yi fushi da kai ba. Na tambaye shi a kan me kuka yi faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, na yi wa Baba rantsuwa. Shi kaɗai zai kwance ta." Na ce ko da za ta kai ka shekaru a nan? Ya ce ko da.

Mutumin nan mai warin taba muna neman sa, Malama ta fara bin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Amma neman mutum da wari kaɗai abu ne mai tsawo, ranar shari'a kuwa ta matso, kuma kai ne kaɗai shaidar da suke da ita.

Na sake karanta wasiƙunka yadda aka koya mini, na raba su uku. Kwanon ji ya cika, na zato ya cika. Tambaya ɗaya ta rage mini, kuma ba ta son dogon bayani. Baba, ka ga fuskar direban?

Allah ya ja kwananka.
'Yarka.

*

Ke,

Salamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice, don raina ba daɗi.

Kin tambaye ni ko na ga fuska. Ke kin san idon da kike tambaya? Idon da yake duban katako sau ɗaya ya ce nan ya karkace, a kawo ma'auni a tarar haka ne. Ƙofofin da na yi suna nan a gidajen mutane, har yau ba wadda ke jan ƙasa. Gadon da aka haife ki a kai da ido na daidaita ƙafafunsa. Yau ni za a tambaya ko na gani? Tela, rubuta, kada ka tsaya kana mini tsaki.

Na je wurin Auta. Wuri ne mai raga tsakani, kowa na ihu a kan na kowa, ba ka jin naka sai ka manna kunne. Tun kafin ya iso na san shi ne, da tarin. Na zura yatsuna ta raga ya kama. Wallahi 'yata, kamar na riƙe tsinken tsintsiya. Hannun da ke juya sitiyarin babbar mota. Na ce ya ci abinci? Ya ce ya ci. Ƙarya yake, na ji a muryarsa. Ya ce, "Tsoho, wa ke raka ka tsallaka babban titi yanzu?" Yana ciki yana tambayar titi. Na ce ya rufe mini baki. Aka buga ƙarfe, aka janye shi, yatsuna na nan a raga har wani ya ce in matsa.

Na dawo gida. Na fito da kayan aikina daga ƙarƙashin gado, zarto da guduma da abin fere katako, na ce Tela ya nemo mai saye, a ba duk wanda ake ba kuɗi a sake shi. Ya ce ba wanda za a ba, sai dai a cuce ni. Na je gidan mai ma'ajiya na durƙusa a ƙofarsa, ni da ban durƙusa wa alƙalin da ya ƙwace shagona ba. Aka ce ba ya nan, alhali ina jin muryarsa a ciki. Me ya rage? Ki gaya mini wanda zan kama wa ƙafa in je in kama.

Ki nemo mai tabar nan, shi ne aikinki. Ki bar tonon abin da ba zai amfani kowa ba. Ke yarinya ce, ba ki san yadda duniya take ba. Ɗakin da nake kwana na mai ma'ajiya ne. Kujerar nan ta bakin ƙofa ita ce abu na ƙarshe da ake ce wa nawa, a kanta ne mutum zai wuce ya ce sannu da aiki. Mai gadin da aka ce an zare makulli daga ƙusa yana zaune a ɗakin, kin san sunan da za a sa masa? Kin san inda irinsu ke ƙarewa, a bakin titi wani na jan su da sanda? An raba ni da shago na haƙura. Ba za a mai da ni abin tausayi ina numfashi ba.

Kuma in tambaye ki. Kin shigo garin nan kin ga ƙanenki, amma ƙafarki ba ta iya kawo ki inda ubanki yake ba? Baƙi ma suna zuwa. Ranar Alhamis da rana tsaka wasu mata suka tsaya a ƙofar ma'ajiya. Ɗaya ta tsaya can gefe tana jan wani abu a ƙasa yana ƙara kamar gwangwani. Ɗayar ta zo ta tsaya mini a gaba ƙiƙam, ba sallama ba magana. Na ce baiwar Allah wa kike nema? Shiru. Na ce in talla ce ba ma saye, in roƙo ne ni ma nema nake. Shiru. Na ɗaga murya na ce ta ba ni wuri, nan ba gidan ubanta ba ne. Sannan ta juya tana jan hanci kamar mai mura. Dubi irin tarbiyyar 'ya'yan yanzu. Amma ko ita, da rashin kunyarta, ta taka ta zo.

Ranar shari'a ta kusa. In yaron nan ya mutu a ciki, ki sani da bakina na kashe shi, ku kuma da jakunkunanku kuna kallo.

Wassalam.
Ubanki.

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Ina roƙon Baba Tela ya rufe shago kafin ya karanta maka wannan, ya kuma karanta a hankali.

Ni ce.

Ni ce na tsaya a gabanka ranar Alhamis. Ƙarar da ka ji ma'aunin Malama ne take ja a ƙasa. A aikinmu ba a yarda da "kusa" ko "nesa", sai an je wurin a daidai lokacin da abin ya faru, wani ya tsaya inda mai shaida ya tsaya, wani inda abin da aka ce an gani yake. Mun tarar kana inda ka ce, kusa da sakata. Malama ta ce in tsaya inda tagar direba za ta kasance, kada in yi magana sai ta ba ni izini. Na tsaya. Sai na matso fiye da inda ta ce, har ina ganin zaren da ya fita a wuyan rigarka. Na yafa mayafin Inna mai ruwan ganye, wanda ka saya mata da kanka. Ka ɗago ka dube ni sosai, Baba. Ka ce baiwar Allah wa kike nema.

Malama ta ba ni izinin magana, ni ce na kasa. Na san in na buɗe baki za ka gane ni, ka gane kuma abin da na gane, a gaban ma'aikata. Ba mura nake yi ba.

Yanzu na san dalilin da waya ke cikin kwali. Na san abin da Auta ya ce maka da safen nan, don na san abin da ni ma zan ce: ka bar ƙofar nan mu je asibiti. Na kuma san rantsuwar da ka sa shi. Yana da maganar da za ta rushe shaidar da ke kansa tun ranar farko, ya haɗiye ta, yana tari a kanta.

Ga inda muke. Abin da Malama ta rubuta ranar Alhamis bai isa shi kaɗai ba, za a ce uba da 'ya sun shirya. Ana bukatar takardar likitan ido, ana kuma bukatar ka tsaya gaban alƙali ka faɗa da bakinka. Lauya yana iya neman kotu ta tilasta a duba ka. Na roƙe shi ya dakata. Ba na son a jawo ka, ina son ka taka da ƙafarka.

Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Ban ce za a sake shi ranar ba. Abin da na sani, in aka cire shaidarka ba su da wani abu a kansa sai cewa shi ke jan motar. Ban kuma ce kujerar za ta tsira ba. Ba za ta tsira ba, ɗakin ma haka, kuma mai ma'ajiya zai faɗi maganganu. Ɗakina ƙarami ne, amma akwai lungun da gadonka zai shiga, ƙofarsa kuma tana jan ƙasa tun da na kama shi, na rasa mai gyarawa. Ba mai jan ka da sanda a titi ina raye. Likita ma bai duba ba tukuna, wata yanar ido ana cire ta.

Ana ganin masu ciwon ido ranar Juma'a da safe. Shari'a Litinin. In ka ce in zo, zan zo. In ka ce a'a, zan shiga kotu in zauna bayan Auta, in ji ana karanta takardar da ta ce ka gani.

Ka yafe mini tsayuwar da na yi maka ba sallama. Ita ce aiki mafi wuya da aka sa ni tun da na fara koyo.

'Yarka, mai tambaya.

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki. Ki gaida Malama, ki ce na ce ta iya mugunta, ta kuma iya aiki.

Tela ya karanta. Ya tsaya a tsakiya wai wani abu ya faɗa masa a ido, na ce ya ci gaba, shi da yake da idon.

Rubuta wannan a kwanon da ya dace. Ban ga fuskar direban ba. Rabona da fuskar Auta tun kafin ya fara gemu, ji na yi ana tsokanarsa na san ya yi. Ki je ki gaya masa na kwance rantsuwar, ya ci abinci.

Ban sayar da kayan aikin ba. Ƙofar taki ba sai da ido ba, da tafin hannu ake jin inda take ci. In na gyara zan ga ko zan zauna. Ina ganin ba zan daɗe ba. Tela ya ce in lura da kalmar nan, na ce ya rubuta yadda na faɗa.

Har yanzu da kin yi aikin jinya da ya fi.

Ki zo ranar Juma'a da wuri, ki yafo mayafin. Zan sa farar rigata in zauna a kujera in jira. In kin iso ƙofa, ki yi magana.

Wassalam.
Ubanki.